Akwai Nama?

Saura minti goma in shiga ɗakin watsa shiri saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp. Lambar ta Indiya ce, muryar kuwa ta Gadarif ce tsantsa, da Larabcin kasuwarmu wanda ko ni ban fi shi iya lanƙwasa shi ba. Tambayarsa ita ce ko damina ta sauka, ko Khor Abu Farga ya kawo ruwa bana. Sai ya ƙara da cewa a Rajkot, garin da yake zaune yanzu a jihar Gujarat, maƙwabtansa ba su da sunan da suke kiransa da shi sai Basudane. Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don shekara uku muka yi a benci ɗaya, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi da wannan suna ba. Al-Hindi muke ce masa. Zan bar shi a haka a nan ma, tunda ban nemi izininsa ba kafin in ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san Gadarif ba, gari ne a gabashin Sudan, a kan babbar hanyar da ta taso daga Madani ta nufi Kasala, kuma iyakar Habasha ba ta da nisa da mu. Garin dawa ne da riɗi. Ƙasarmu baƙa ce, da damina lakarta na cire wa mutum takalmi, da rani ta tsattsage. Ruwan sha a ganga ake sayo shi a kan keken jaki. Kusan kowa a garin nan daga wani wuri kakansa ya zo, sai dai wasu an bar su sun manta, wasu kuma ana tuna musu kullum.

Mu Hausawa muna cikin waɗanda ake tuna wa. Fallata ake ce mana, ko Takarir. Kakan Baba ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'a ke ta kwarara gabas. Ya tsaya a nan ya yi noma don ya tara guzuri, guzurin da har Allah ya karɓi ransa bai gama taruwa ba. Baba mai agashe ne, naman nan da Sudan duka ta koya a hannunmu har ba ta canja masa suna ba. Inna kuwa godogodo take damawa ta sayar.

Su kuma Banyan ake ce musu. Kakanninsu 'yan kasuwar Gujarat ne da suka ƙetaro ta Adan zuwa Sawakin tun ƙarni na 19, daga baya suka bazu Bur Sudan, Omdurman, Kasala, Madani da Gadarif. Babansa na da shago a layin 'yan yadi, yana sayar da tob, mayafin matan Sudan, da itacen sandal da mahlab na haɗa turaren amare. Inna takan karɓi tob bashi sai an sayar da riɗi ta biya, shi kuma ya rubuta a wani dogon littafi da rubutun Gujarati, wanda muke gani kamar tafiyar kiyashi. A zamaninmu gidajensu a garin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma masu hali a cikinsu Omdurman ko Indiya suke tura 'ya'yansu karatu. Shi babansa yana bukatarsa a shago da yamma, shi ya sa ya faɗo makarantar gwamnati tare da mu.

Mun shiga sakandare a 2006. Tsarin lokacin shekara takwas ne a matakin farko, uku a sakandare, maza daban, mata daban. Kayan makarantarmu masu dabbare-dabbare ne irin na soja, ka gan mu a layin safe sai ka ce bataliya ce ta yara masu yunwa. Tun shekarar 2000 gwamnati ta ja agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, ba a maido shi ba sai 2017, saboda haka da hunturu da sauran duhu muke fitowa daga gida. Malami ya haɗa mu benci ɗaya a gaba ba don komai ba sai don mu biyun ne gajerun ajin.

Mu da muka tashi a gidajen kallo mun ɗauka duk Ba'indiye ya iya rawa, kuma idan ransa ya ɓaci waƙa yake yi. Makon farko sai da aka tsare shi a bayan aji wai sai ya taka. Ashe ko tafi bai iya ba, kuma rabin abin da ake faɗa a fim bai ji, don Gujarati suke yi a gida, fassarar Larabcin da ke ƙasa yake karantawa kamar kowa. Shi ya fara gaya mana Shah Rukh Khan Musulmi ne. Muka ƙaryata shi, da muka tabbatar kuma muka yi ta murna kamar mu muka musuluntar da mutumin.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne darasin addini. A jarrabawar shahadar Sudan darussa huɗu ne dole: Larabci, Turanci, lissafi da addini. Addinin kuwa biyu ne a takarda, Musulunci ko Kiristanci. Yaran Kirista na ajinmu, 'yan Kudu da 'yan duwatsun Nuba, sukan fita idan malamin addini ya shigo, nasu darasin a coci suke yi. Shi ba shi da inda zai fita ya je. Babansa ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa: darasin Musulunci a cikin aji ake yin sa, ga malami, ga littafi, ba ko sisi. Ya ce masa ya zauna.

Ya zauna kuwa. Ya haddace surorin da aka ɗora mana, ya san farillan alwala da sunnoninta, da aka zo babin rabon gado kuma ya bar mu a baya, don shi tun yana ɗan shekara bakwai yake raba yadi rabi da rubu'i da sumuni. Ranar da aka raba takardun gwaji ya ci 47 cikin 50. Ni jikan mahajjaci na ci 31. Malam ya ɗaga takardarsa sama ya tambaye mu ko muna da sauran kunya, sannan ya bi mu da bulala ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ajin ya yanke hukuncin cewa saura ƙiris ya musulunta, kowa kuma yana so a ce a hannunsa ne. Ni ma na gwada sa'ata. Na ce masa tunda ya san duk wannan, me yake jira? Ya ce: “Ya zol, na san hanyar Kasala sarai, amma ba can gidanmu yake ba.” Malam, Allah ya saka masa, da labarin ya kai kunnensa ya ce mu ƙyale yaron mutane, shiriya ba a hannun wanda ya ci 31 take ba.

Idan an tashi sallar azahar shi ke zama a gindin darbejiya yana gadin jakunkunanmu. Da azumi ko ruwa ba ya sha a gabanmu, ba kuma wanda ya hana shi. Akwai jan zare a wuyan hannunsa wanda kakarsa ke ɗaura masa, yakan tura shi cikin hannun riga kafin layin safe. Ya taɓa ba mu labarin azumin kakar tasa, Ekadashi, sau biyu a wata, ba a cin hatsi amma ana iya shan madara da 'ya'yan itace. Muka ce wannan ai ba azumi ba ne, walima ce. Ya yi murmushi. Yawan murmushinsa ya sa na ɗauka ba abin da ke damunsa.

Sau ɗaya na shiga can cikin gidansu, daren Diwali na 2007, cikin watan Nuwamba. An ɗauke wuta a unguwar kamar yadda aka saba, gidansu kaɗai ke haske, ƙananan fitilun kasko da man riɗi jere a kan katanga da bakin ƙofa. A wani lungu na ɗaki akwai ɗan kanta da hotuna da furanni da turaren tsinke. Gabana ya faɗi, na yi ta a'uziyya a zuci, ina satar kallo kuma. Kakarsa, wadda suke kira Ba, ta zaunar da ni ta cika mini faranti da alawa iri-iri. Na lura kofin da aka ba ni ruwa daban yake, ba a ajiye shi tare da nasu. Abin ya sosa mini rai har na kai ƙara wurin Inna. Ta ce ai tsohuwar ba ta kyauta ba. Ban ce komai ba, amma na san duk ranar da ya sha godogodo a gidanmu sai Inna ta wanke kofin sau uku, har da toka.

Abin da ya fi haɗa mu shi ne fatur, karin kumallon da ake yi da hantsi. Abincin ɗalibi bosh ne: a gutsuttsura burodi a babban kwano, a jiƙa da ruwan ful, wato waken nan na Masar, a watsa ɗan waken a kai, a marmasa ta'amiyya, a yanka albasa, a kwarara man riɗi. Mu shida muke haɗa kuɗi mu ci kwano ɗaya. Su gidansu ba a cin nama, ba kifi, ba ƙwai, to bosh ya yi masa daidai, ko da yake Ba ba ta san yana sa hannu a kwano ɗaya da mu ba. Mai sayarwar Bahausa ce 'yar unguwarmu, Gwaggo nake ce mata, don haka ni ke karɓo kwanon. Kullum idan na dire shi sai ya dube ni ya yi tambayar da ita ce Hausar farko da ya koya: “Akwai nama?” In ce: “Babu.” Sai ya sa hannu. Fiye da shekara muna haka, har abin ya zama kamar bisimilla.

Bayan babbar salla ta ƙarshen 2007 muka koma makaranta, gari duk ƙanshin nama. Gwaggo ta zo da tukunyar romon ƙashin sa don masu son fatta. Wani a cikinmu ya ce a zuba a bosh ɗin yau, mu gani ko saniyar za ta yi kuka a cikinsa. Ba ni na kawo shawarar ba, na daɗe ina fakewa da wannan. Amma ni na miƙa kwanon, ni na ce wa Gwaggo ta zuba ludayi biyu, ni na sa ta ƙara albasa da barkono don su danne ƙanshin. Na dire kwanon. Ya dube ni.

“Akwai nama?”

“Babu.”

Ya yi loma uku. A ta huɗu wani ya kasa daurewa ya yi kukan saniya, sauran suka fashe da dariya. Bai dube su ba, ni ya duba. Ya ajiye lomar a gefen kwano, ya tashi ya wanke hannu a randa, ya zagaya bayan katanga. Muna jin kakarin amansa. Dariyar ta mutu da kanta, muka ci gaba da ci ba mai kallon wani, don yunwa ba ta san kunya ba.

Washegari ya zo da 'yar gwangwanin abinci mai hawa uku daga gida. Ya zauna a bencinmu kamar kullum, ya ara mini abin ja-layi, ya bar ni na kwafi lissafi. Bai kai ƙara ba, bai daina gaishe ni ba, bai kuma sake tambayata ko akwai nama ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na yi ta lallashin kaina cewa naman sa halal ne, ba guba muka ba shi ba, wasa ne irin na yara.

Gwaggo ce ta kai wa Baba labari, don ita ba ta san dalilin ludayi biyun ba sai daga baya. Na zaci duka zan sha. Baba yana jera nama a tsinke, bai ko ɗago kai ba ya ce: “Ni mai nama ne. Mutum na ci a hannuna ne don ya yarda da abin da na ce masa na yanka. Ranar da na ce rago alhali akuya ce, na tashi daga mai agashe na koma ɓarawo.” Ya sa Inna ta ƙulla mini soyayyar gyaɗa, ya ce in kai gidansu in ba da haƙuri. Na je har bakin shagon. Babansa ya gan ni ya washe baki, ya ce: “Shigo mana, ɗana.” Na ce: “Ammu, zare Inna ta aiko ni saye.” Na sayi zaren da ba wanda ya aike ni, gyaɗar kuma na cinye ta a hanya.

A kakar 2008, muna aji uku, ana tsakiyar yankan riɗi, wata jarida a Khartoum ta buga maganar da aka danganta wa wani babba a gwamnati, wai Hausawa da Fallata ba 'yan Sudan ba ne. An musanta daga baya, amma wuta ta riga ta kama. Hausawa suka fito a Gadarif da Kasala, aka harba barkonon tsohuwa, aka harba harsashi, aka rasa rayuka. Kasuwa ta rufe. Ni ma na fita, na dawo da ido kamar garwashi da takalmi ƙafa ɗaya. Da aka koma makaranta wasu suka riƙa tambayata cikin wasa yaushe zan koma Nijeriya, ƙasar da ko a mafarki ban taɓa takawa ba. Ɗaya daga cikinsu da shi muka ci bosh ɗin nan.

Ina zaune na kifa kai a benci ya matso ya tambaye ni a hankali wace shekara kakanmu ya zo. Na gaya masa. Ya ce nasu ma wajen lokacin ne, ko kafin haka kaɗan. Da yake raina a ɓace yake, na ce to su me ya hana su fitowa, ai su ma ba a ɗauke su 'yan ƙasa ba. Ya ce: “Mu fito mu nawa? Idan duk muka fito, raksha uku ta kwashe mu. Ku idan aka taɓa ku kasuwa na rufewa. Mu idan aka taɓa mu, Baba cewa yake in yi murmushi in tambayi mutum yadi nawa yake so.”

Na tashi da tunanin cewa a garin nan mu ne a ƙasan kowa, duk wani ciwo na baƙunta mun san shi. Ban taɓa lura ba cewa ni ina da unguwa guda da ke jin harshena, ina da masallacin da nake shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da wanda ya zage ni da safe, ina da dubban mutanen da za su fito titi su yi fushi tare da ni. Shi abin da yake da shi a makarantar nan bai wuce kalma ɗaya daga bakina kowace hantsi ba. Murmushin da na ɗauka na rashin damuwa ne, ashe aiki ne aka koya masa tun yana ƙarami, kamar auna yadi. Ranar ce ya kamata in yi maganar kwanon. Aka buga ƙararrawa, malamin kimiyya ya shigo, na bar ta.

Mun rubuta shahada a 2009. Bayan rasuwar babansa suka rufe shagon suka koma Omdurman inda jama'arsu suka fi yawa. Ni na yi difloma a aikin jarida. A can na karanta cewa zaɓen farko na Sudan, na 1953, wanda ya share hanyar 'yancin kai na 1956, Ba'indiye ne ya shugabanci hukumarsa, Sukumar Sen, mutumin da ya shirya zaɓen farko na Indiya. Na tura masa wannan a saƙo ina zumuɗi. Ya amsa da cewa madalla, amma shi har yanzu idan ya je neman takarda sai an tambaye shi shaidar kakansa. Na ce ni ma haka. A Yulin 2022, da aka yi rikicin jihar Nil Azrak aka kashe Hausawa da dama wajen Rusairis da Damazin, shi ne mutum na farko wanda ba Bahaushe ba da ya kira ni yana tambayar dangi.

Yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Kafin watan ya ƙare Indiya ta turo jiragen ruwa da na sama Bur Sudan, a aikin kwashe mutane da ta sa wa suna Kaveri, ana kai su Jidda sannan a wuce da su. Kusan mutum dubu huɗu aka kwashe, cikinsu har da waɗanda Indiya a hoto kawai suka san ta. Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki ya kira ni da la'asar, ya ce motarsu ta baro Madani, za su tsaya neman mai a Gadarif.

Na bar wa abokin aikina shirin yamma na ruga kasuwa. Na sayi burodi da ta'amiyya mai zafi da ruwan roba, na biya gida na sa Inna ta ƙulla gyaɗa. Na same su a tasha bayan magariba. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa, jan zaren na nan a hannunsa, bai ɓoye shi ba. Matarsa na cikin mota da jaka ɗaya a cinya, 'yarsa 'yar kimanin shekara biyar na riƙe da wandonsa. Ya ce gidan da shagon duk sun bar su a kulle, mabuɗan na aljihunsa. Muka tsaya muna ta gaisuwa irin ta Sudan, wadda ba ta ƙarewa, kowa na dafa kafaɗar ɗan'uwansa.

Na miƙa masa ledar. Ya buɗe ya leƙa, sannan ya ɗago ya dube ni, ya yi tambayar da Hausa, da irin karin da yake yin ta a gindin darbejiya.

“Akwai nama?”

“Babu,” na ce.

Bai shinshina ba. Ya ɓare burodin, ya cusa ta'amiyya biyu, ya miƙa wa 'yarsa, ta karɓa da hannu biyu ta kai baki. Maganar da na shekara goma sha biyar ina shiryawa tana kan harshena, sai yaron mota ya fara bubbuga jikin bas yana kiran fasinja. Ya ɗauki yarinyar ya hau. Da motar ta fara motsi ya leƙo ta taga ya ce in gaida Inna, in kuma gaya mata littafin babansa na cikin jakar nan, akwai sauran tob ɗaya da ba ta biya ba, bai yafe ba, da kansa zai dawo karɓa. Motar ta hau kwalta ta miƙi hanyar Kasala.